Gyaran Cibiyoyin NASA da Rabon Sanatoci

Ranar 4 ga Yuli, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wata ƙatuwar doka ta haraji da kashe kuɗi, wadda shi da magoya bayansa suka yi wa kirari da "babbar doka kyakkyawa". Hankalin duniya ya tafi ne kan rangwamen harajin da ke cikinta, da kuma yadda ta zaftare tallafin lafiya da na abinci ga marasa ƙarfi. A can cikin shafukanta kuwa akwai wani sashe da ya fito daga hannun Sanata Ted Cruz na jihar Texas, shugaban kwamitin da ke sa ido kan hukumar NASA a Majalisar Dattawa. Sashen ya ba hukumar kusan dala biliyan 10, ban da kasafinta na shekara-shekara. Daga ciki aka ware dala biliyan 1 domin gyara da sabunta cibiyoyin da ke aikin tura mutane sararin samaniya. Cibiyar Johnson da ke Houston, inda ake horar da 'yan sama jannatin Amurka, ta sami miliyan 300. Cibiyar Kennedy a Florida ta sami miliyan 250, Stennis a Mississippi miliyan 120, Marshall a Alabama miliyan 100, masana'antar Michoud a Louisiana miliyan 30. Sai kuma miliyan 85 da aka ware domin ɗauke wani tsohon kumbo a sake masa mazauni.

A Houston an yi murna. A wasu wurare an yi tsaki, aka maimaita tsohuwar tambayar nan ta me ya kai mutum wata alhali bai gama da yunwar duniya ba. Ni ban ga abin murna ba, kuma tsakin ma an yi shi ne a inda bai dace ba. Kuɗin gyaran sun cancanta, sun ma yi kaɗan. Abin da ya kamata a yi wa tsaki shi ne hanyar da aka bi aka ba da su, domin ita ce ɗabi'ar da ta bar gine-ginen suka lalace tun da farko.

Kafin a je ga siyasar, ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da wurin horo, don kada ya zaci azuzuwa ne da allo. A watan Yuni na 1966, ɗan sama jannati Gene Cernan ya fita daga kumbon Gemini 9 domin ya yi wani aiki da injiniyoyi suka ɗauka mai sauƙi ne: ya zagaya bayan kumbon, ya goya wata na'ura, ya gwada ta. Abin da ba a lissafa ba shi ne, a inda babu nauyi, duk abin da ka tura shi ma tura ka yake yi. Ka murɗa ƙusa, jikinka ne zai juya. Cernan ya yi ta kokawa da iska har gumi ya rufe gilashin kwalkwalinsa, ya daina gani, bugun zuciyarsa ya yi sama, aka soke gwajin, ya koma cikin kumbon da ƙyar bayan sa'o'i biyu. Watanni biyar bayan haka Buzz Aldrin ya fita daga Gemini 12 har sau uku, ya yi fiye da sa'o'i biyar a jimlace, ya kammala ayyukansa cikin natsuwa. An ƙara masa madafa da matakan ƙafa a jikin kumbon, amma babban bambancin shi ne Aldrin ya maimaita aikin sau da yawa a ƙarƙashin ruwa, a wurin ninkayar wata makarantar yara maza a jihar Maryland. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma NASA ta kusa biyan kuɗin wannan darasi da ran mutum.

Daga wancan wurin ninkaya na aro aka taso har aka kai ga ƙaton tafkin horo da ke Houston, wanda aka buɗe a 1997. Tsawonsa mita 62, faɗinsa mita 31, zurfinsa mita 12, yana ɗauke da ruwa fiye da lita miliyan 23. A ƙasansa an nutsar da kwaikwayon sassan Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa daidai da girmansu na gaske. Ana sa wa ɗan sama jannati rigarsa, a saukar da shi da ƙugiya, masu nutso su yi ta daidaita nauyin rigar har sai ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, bai nutse ba, bai taso ba. A haka zai yi kusan sa'o'i shida yana kwance ƙusoshi yana ɗaurawa da safar hannu mai tauri, yana koyon inda zai sa ƙafa da inda zai maƙala igiyar tsaronsa. Kowace sa'a guda da za a yi a wajen tashar, an riga an biya ta da sa'o'i da yawa a cikin wannan ruwa.

Amfanin wannan maimaici ya bayyana ranar 16 ga Yuli, 2013. Luca Parmitano, ɗan Italiya, yana aiki a wajen tashar sai ya ji ruwa a ƙeyarsa. Wata na'ura ce a cikin rigar ta toshe, ruwan sanyaya jiki ya fara kwarara cikin kwalkwalinsa, kimanin lita ɗaya da rabi. A inda babu nauyi ruwa ba ya gangarawa, manne wa fuska yake yi. Ya rufe masa ido da kunne, ya kai hanci, sadarwa ta yanke, ga rana ta faɗi. Da laluben igiyarsa da abin da hannuwansa suka haddace ya koma ƙofar tashar. Mutum ya kusa nutsewa a ruwa yana nisan kilomita 400 daga doron ƙasa. Rigar da ta yi masa wannan aika-aika ƙirar shekarun 1970 ce, kuma har a watan Yuni na 2024 sai da aka katse wata fitar saboda yoyon ruwa a lokacin da Tracy Dyson ke shirin barin ƙofa.

Buƙatar sabuntawa kuma ta gaske ce. Za a yi ritayar tashar a wajajen 2030, har an ba kamfanin SpaceX kwangilar ƙera kumbon da zai tunkuɗo ta cikin teku. Inda Amurka ta sa gaba yanzu shi ne ƙuryar kudancin wata, a ƙarƙashin shirin Artemis. A can akwai nauyi, amma kashi ɗaya ne bisa shida na wanda muka sani. Rana ba ta taɓa hawa tsaka, kullum tana rakuɓe a gefen sama kamar ta almuru, tana kashe ido, inuwa kuma ta yi tsawo, baƙa ƙirin. Tafkin da aka gina domin koyon shawagi a jikin tasha dole ya koyi zama fili mai yashi da duwatsu da duhu, kuma dole ya ci gaba da aikinsa na farko har ranar da tashar za ta sauko. Wanda ya ce miliyan 300 almubazzaranci ne a kan irin wannan aiki bai duba lissafin ba.

Batun yunwa kuwa, a gaggauce. Gaskiya ne dokar ta rage ɗaruruwan biliyoyin daloli daga tallafin lafiya da na abinci, kuma wannan abin Allah wadai ne. Amma an yi ragin ne a gefen rangwamen haraji na dubban biliyoyi, wanda masu hannu da shuni suka fi kowa cin moriyarsa. Da za a soke kuɗin Houston baki ɗaya, babu talaka ɗaya a Amurka da zai ji a tukunyarsa. A tsakiyar shekarun 1960 NASA tana cin fiye da kashi 4 cikin ɗari na kasafin gwamnatin tarayya, yau ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Wanda ke neman inda abincin talaka ya tafi, ya nufi wata ƙofar.

Yanzu ga lalacewar. A watan Satumba na 2024 wani kwamiti na Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Norman Augustine, tsohon shugaban kamfanin Lockheed Martin, ya fitar da rahoto a kan halin da NASA ke ciki. Majalisa ce da kanta ta nemi a yi binciken. Rahoton ya nuna kashi 83 cikin ɗari na gine-ginen hukumar sun wuce wa'adin da aka tsara musu, kuma gyare-gyaren da aka yi ta ɗagewa sun taru sun haura dala biliyan 3. Dalilin da kwamitin ya bayar ba ɓoyayye ba ne: duk lokacin da kuɗi suka yi kaɗan, hukumar takan kare sabon shirin da ake jira a gani, ta ɗage gyaran bututu da rufi da wayoyin lantarki zuwa baɗi. Shawarar kwamitin mai ɗaci ce, domin cewa ya yi a gyara gida ko da hakan zai jawo jinkirta fara sababbin tafiye-tafiye.

Wanda ke son ganin yadda wannan sakaci yake a zahiri, ya tuna watan Agusta na 2017. Na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda ta ci kimanin dala biliyan 10, tana cikin wani ƙaton ɗakin gwaji a Cibiyar Johnson, ɗakin da aka gina tun zamanin Apollo. Ana tsakiyar gwajin sanyi na kusan kwana ɗari sai guguwar Harvey ta sauka a Houston. Na'urar tana can ciki a rufe, babu abin da ya same ta. Amma rufin ginin ya yi yoyo, ma'aikata suka riƙa lulluɓe kwamfutoci da leda, wasu suka kwana a wurin aiki. An yaba musu, kuma sun cancanci yabo. Sai dai ƙasar da ta iya ƙera madubin da ke hango farkon taurari, ba dabara ce ta gagare ta ba wajen toshe rufi. Rufi ba ya cin zaɓe, shi ke nan.

A nan ne dokar 2025 ta ba ni haushi. Ɗauki lissafin da kansa. Bashin gyara ya haura biliyan 3, aka ba da biliyan 1, ƙasa da sulusi. Kuma kalmomin dokar sun haɗa gyara da sabon gini a kwando ɗaya, don haka babu tabbacin cewa tsofaffin famfunan ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki za su riga sabon zaure mai ƙyalli samun rabo. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san yaɓe aikin kowace shekara ne, kafin damina. Maigidan da ya yi shekara ashirin bai yi ba, ranar da ya sami wata garaɓasa ya yaɓe bango ɗaya, ya kuma gina sabon soro a ƙofar gida, bai ceci gidan ba. Kuɗin dokar nan sau ɗaya aka ba da su, ta wata hanya ta musamman da ke ba jam'iyya mai rinjaye damar wucewa ba tare da ƙuri'ar 'yan adawa ba. A Majalisar Dattawa ma sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance ya raba gardama, aka tashi 51 da 50. Babu abin da ya sauya a kasafin shekara-shekara da zai hana bashin sake taruwa.

Sai taswira. Texas, Florida, Mississippi, Alabama, Louisiana: jihohi biyar, sanatoci goma, dukkansu 'yan jam'iyyar Republican a lokacin da aka yi dokar. Za a ce ai a nan cibiyoyin tura mutane suke, kuma haka ne. Amma rahoton Augustine bai ce cibiyoyi biyar ne kaɗai suka tsufa ba. Goddard a Maryland, Langley a Virginia, Glenn a Ohio, Ames da JPL a California, duk suna cikin lissafin. Wani ne ya zauna ya ja layi ya ce cibiyoyin 'yan sama jannati kaɗai za a gyara, kuma layin ya bi ta kan iyakokin da suka yi wa masu ja daɗi. Mai karatu da ya san abin da ake kira aikin mazaɓa a majalisunmu ba ya buƙatar dogon bayani.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma masu kare dokar sukan riƙe tarihin a matsayin hujja. A 1961 aka zaɓi Houston ta zama mazaunin cibiyar, lokacin da Lyndon Johnson ɗan Texas yake Mataimakin Shugaban Ƙasa, Albert Thomas ɗan majalisar Houston kuma yake shugabantar ƙaramin kwamitin da ke riƙe da lalitar NASA. Kamfanin mai na Humble ya ba da filin ta hannun Jami'ar Rice. Daga baya, a 1973, aka sa wa cibiyar sunan Johnson. Hujjar ita ce: da siyasar rabo aka gina NASA, da ita aka je wata, to me ya sa za a ƙi ta yanzu? Amsa ita ce siyasar rabo ta iya gini, domin gini yana da ranar yanke kyalle da allon suna. Ba ta taɓa iya kula da abin da ta gina ba. Shekara sittin na wannan tsari ne suka haifar da kashi 83 ɗin nan.

Idan akwai mai shakka a kan abin da masu dokar suka fi damuwa da shi, ya dubi miliyan 85 ɗin nan. Dokar ba ta ambaci suna ba, ta ce ne kawai a ɗauke wani kumbo da ya taɓa kai mutane sama a kai shi wata cibiya. Amma kowa ya san abin da ake nufi, domin Cruz da abokin aikinsa Sanata John Cornyn sun riga sun gabatar da ƙudirin kai kumbon Discovery Houston. Discovery ya yi tafiya 39, shi ya kai na'urar Hubble sama a 1990, ya yi ritaya a 2011, kuma tun 2012 yake ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke Virginia, inda ake shiga kallo kyauta. Lokacin da aka raba kumbunan da suka yi ritaya, Florida ta samu, Los Angeles ta samu, New York ta samu, Houston ta tashi a tutar babu. Haushin ya daɗe, kuma ina ganin yana da dalili, domin daga Houston aka sarrafa kowace tafiya ta waɗannan kumbuna. Amma haushi daban, kasafin gyara daban. Smithsonian ta ce kumbon mallakinta ne, ta kuma ƙiyasta cewa ɗauke shi da gina masa sabon mazauni zai haura dala miliyan 300, wato kwatankwacin duk abin da aka ba Cibiyar Johnson. Jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 da aka keɓe domin goya irin wannan kumbo sun daina tashi, ɗaya daga cikinsu ma yana girke a Houston ana kallonsa. Masana adana kayan tarihi sun yi gargaɗin cewa ɗaukar na iya tilasta a yayyanka kumbon. A cikin kuɗin da aka ce na gyaran cibiyoyi ne, an ware wa kayan kallo kusan ninki uku na abin da aka ba masana'antar Michoud, inda ake ƙera gangar jikin rokar da za ta ɗauki mutane.

Rokar ma tana da nata labarin. Dokar ta ba rokar SLS dala biliyan 4.1 domin tafiya ta huɗu da ta biyar ta Artemis, ta ba tashar Gateway da a lokacin ake shirin kafawa a kewayen wata biliyan 2.6. Watanni biyu kafin nan, kasafin da fadar White House ta gabatar ya nemi a daina SLS bayan tafiya ta uku, a soke Gateway ɗungurungum. Tun a 2022 babban mai binciken kuɗi na NASA, Paul Martin, ya gaya wa majalisa cewa kowace tafiya ɗaya daga cikin huɗun farko za ta ci dala biliyan 4.1, kuma ba za a iya ɗorewa a haka ba. Amma Marshall ce ke kula da rokar, a Michoud ake ƙera ta, a Stennis ake gwada injinanta, daga Kennedy take tashi, Johnson kuma ke riƙe da Gateway. Taswirar dai ita ce. Kuɗin harba wannan roka sau ɗaya sun isa su share dukan bashin gyaran hukumar, har a sami canji. Kwamitin Augustine ya ce a jinkirta sabon aiki a gyara gida, majalisa ta karanta, ta yi akasin haka da ninki shida.

Hujja mafi ƙarfi da Cruz ke da ita ita ce China. Ta kammala tasharta ta Tiangong a 2022, ta kuma ce za ta sauke mutanenta a wata kafin 2030, kuma ba ta saba faɗin abin da ba za ta yi ba a wannan fage. Idan tsere ake, in ji su, ba lokacin tsayawa duba bututu ba ne. Ni kuwa ina ganin tseren ne ma ya sa duba bututun ya zama dole. A 1968 Neil Armstrong ya yi tsalle da lema daga wata na'urar koyon sauka a wata, daƙiƙu kaɗan kafin ta faɗi ta kama da wuta a filin Ellington kusa da Houston, kuma bai daina hawa irinta ba, domin ya san babu wata hanyar koyon saukar. A 1970, da tankin iskar Apollo 13 ya fashe, a cikin na'urorin kwaikwayo na ƙasa aka gwada matakan da suka dawo da mutum uku gida da rai. Amurka ta ci wancan tsere ne da kayan ƙasa sababbi fil da ma'aikatan da suka san su ciki da bai.

Ma'aikatan su ne abin da dokar ba ta ko kalla ba. A shekarar da aka ba da biliyan ɗaya na gine-gine, fadar White House ta nemi a rage kasafin NASA da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, a kuma datse kusan rabin kuɗin sashen kimiyya. Daga baya majalisa ta ƙi amincewa da mafi yawan ragin, amma kafin nan kimanin ma'aikata 4,000, wajen kashi ɗaya bisa biyar na hukumar, sun karɓi tayin ajiye aiki. Tafkin Houston ba ruwa ne ke horar da mutum a cikinsa ba. Masu nutso ne, da masu gyaran riga, da malaman da suka shekara ashirin suna kallon kuskuren da sabon shiga ke yi kafin ya yi shi. Irin wannan sani ba ya cikin kundi, kuma idan mai shi ya tafi, babu ɗan kwangilar da zai kawo shi a mota.

Abin da ya kamata a yi ba ya da armashi, shi ya sa ba a yi shi ba. A sa wa kasafin NASA na kowace shekara wani kaso tsayayye na kula da gine-gine, wanda shugaban hukuma ba zai iya karkatar da shi zuwa roka ba idan lissafi ya ƙwace. A jera gyare-gyaren bisa haɗarin da ke cikin barinsu, injiniyoyi su yi jerin, kuma a wallafa shi kowa ya gani. Ginin da ba a buƙata a rushe shi, ko da yana mazaɓar shugaban kwamiti. Houston kuma, idan tana son kumbo, jihar Texas tana da arzikin da za ta nema da kuɗinta: a 2023 ta ware dala miliyan 200 domin gina wa Jami'ar Texas A&M cibiyar binciken sararin samaniya a filin Johnson, ba ta jira Washington ba. Kuɗin dokar 2025 za su ci gaba da zama a hannun hukumar har ƙarshen Satumba na 2032, saboda haka 'yan jarida da masu binciken kuɗi suna da shekaru a gabansu na tambayar Cibiyar Johnson, dala bayan dala, nawa ne daga miliyan 300 ɗin suka shiga rufi da famfo da wayar lantarki, nawa ne kuma suka tafi ginin da za a kira sanata ya buɗe.